Filin da Aka Yanka wa Mai Tabarma

Tun da jama'a sun ɗora maka rabon filaye a sabuwar unguwa, bari in ba ka wani misali kafin ka ɗauki igiyar awo.

An yi wani ƙauye a bakin gulbi, kowace damina ruwa sai ya ci gaɓarsa, har shekarar da ya tafi da rumbuna bakwai da katangar masallaci. Mutanen suka ga zama bai yiwuwa, suka yanke shawarar komawa tudu, suka ce mai unguwa ya raba filaye, don kowa ya shaide shi da gaskiya. To, a cikinsu akwai wani gurgu mai saƙar tabarma, sa'an mai unguwa ne, tare aka yi musu kaciya. A tsohon ƙauyen ɗakinsa yana kan hanyar rijiya, daf da masallaci. Yini yake a gindin durumi yana saƙar kaba. Mata masu ɗiban ruwa su juye masa a randa ba tare da ya roƙa ba, manoma in sun taso daga gona su tsaya shan inuwa, su ba shi labari ya ba su na wasu, in an kira salla kuwa ya rarrafa ya shiga sahu kafin masu ƙafa. Da aka hau tudu, mai unguwa ya duba can gabas, ya ga wuri mai faɗi, ba hayaniya, ba garken shanun da zai tattake mutum. Nan ya yanka wa gurgun fili, da wani makaho da matarsa, da tsofaffi biyu da ba su da kowa, da wata bebiya da mijinta ya rasu. Filin kowannensu ya fi na mai unguwa girma. Aka yi gayya aka gina musu ɗakuna, aka ɗora jinka sabuwa, mai unguwa ya koma gida zuciyarsa fari ƙal, yana ganin ya fita haƙƙin masu rauni. Ranar da aka ɗauko gurgun a kan jaki aka sauke shi, ya yi godiya, ya dubi gabas ya dubi yamma, sannan ya tambaya wa zai riƙa bi ta nan. Mai unguwa ya yi dariya, ya ce ai ba wani gari aka kai shi ba, kullum za a riƙa leƙowa.

Watan farko an leƙa. Sai damina ta faɗi, kowa ya duƙufa gona. Zuwan kullum ya koma na Juma'a, na Juma'a ya koma saƙo. Ƙarangiya ta rufe 'yar hanyar, mai ƙafa ma sai ya tattare wando, balle wanda ke tafiya da tafin hannu. Gurgu ya gwada zuwa masallaci sau biyu, ya dawo hannuwansa duk ƙaya, ya haƙura. Tabarmi suka taru a ɗaki ba mai gani balle ya taya. Makaho da matarsa suka tattara suka tafi birni, ba wanda ya sani sai bayan mako guda. Shi kuwa mai unguwa bai manta da abokinsa ba. Duk mako sai ya auna gero ya ba wanda zai bi ta gabas, in ya dawo ya tambaye shi yaya mutumin, a ce lafiya lau, ya ce to madalla, gobe zai je da kansa. Wurin nan fa bai fi daga nan zuwa waccan tsamiyar ba. Goben ce ta yi wata biyar.

Wata safiya da kaka, bebiyar nan ta zo ƙofar gidansa ta kama bakin rigarsa tana ja, tana nuna gabas. Ya zaci hatsi take so, ya sa aka auno mata. Ta ajiye ƙwaryar a ƙasa ta ci gaba da ja. Ashe gida uku ta shiga kafin nan, ba wanda ya tsaya ya gane abin da hannuwanta ke faɗa. Ya bi ta. Ya tarar da abokinsa kwance, kwana huɗu ke nan zazzaɓi na cinsa, ita kaɗai ke ba shi ruwa. A kusurwar ɗaki ga geron da ake aikowa, ko rabi bai ci ba. Gurgu ya buɗe ido ya gane shi, ya ce ya zauna. Mai unguwa ya fara ba da haƙuri, gurgu ya ɗaga masa hannu.

"Ban taɓa kwana da yunwa ba, hatsinka yana isowa," in ji shi. "Mutane ne suka daina isowa."

Kafin la'asar rai ya yi halinsa. Jana'izarsa ba wanda bai zo ba, maza da mata, har ƙafafun masu ta'aziyya suka kwantar da ƙarangiyar a yini guda. Mai unguwa ya tsaya yana kallon wannan taro. Bayan sadakar uku ya rushe dangar gidansa ta ɓangaren rijiya, ya yanka wa bebiyar da tsofaffin nan wuri, ya dawo da su tsakiyar mutane. Jama'a suka yi ta yabonsa, shi kuwa bai taɓa karɓar yabon ba. Har ya tsufa, in aka tayar da zancen sai ya sunkuyar da kai, ya ce ya ba mutum fili ya raba shi da jama'a, ya kuma aika ƙwarya inda ya kamata ya kai kansa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, zumunta a ƙafa take.