Ƙofar Gidan Injiniya Dragnev

Ƙofar ta ƙi buɗuwa. Stoyko Dragnev ya murɗa mariƙin, ya ja, ya tura da kafaɗa, amma makullin lantarkin ko gezau. An kusa tashi daga makaranta, kuma Nevena, 'yarsa mai shekara shida, ba ta iya jira ba. Idan ba ta gan shi a bakin get ba, za ta saɓa jakarta ta nufo gida ita kaɗai, ta babban titin da ke gefen kogin Maritsa, inda direbobin birnin Plovdiv ba sa ganin ƙaton mutum ma, balle ita.

Da kwat a jiki da silifas a ƙafa ya koma ɗaki. Mutumin da ya fara cin abinci da kwamfuta tun tana cika ɗaki guda, a ce ƙofar gidansa ta gagare shi, ai abin kunya ne. Ya zauna gaban baƙin allon da ake rubuta wa na'ura umarni. Suna guda makullin yake dubawa a cikin na'urar, VRATA, wato ƙofa a yarensu. In sifili ne a cikinsa ƙofa tana kulle, in ɗaya ne ta buɗe.

Ya rubuta VRATA=1. Allon ya ba shi amsa a gajarce: wannan suna na karantawa ne kawai. Wani ya ɗaure shi da readonly, kuma abin da aka ɗaure haka ba ya sauyawa, ba ya goguwa, sai an gyara rubutun asali an sake tayar da komai. Rubutun asalin kuwa yana neman kalmar sirri, ita kuma yau ta ga damar ɓace masa.

Matar nan mai furfura da ke zuwa gyaran gidan ta leƙo daga kicin. Bai taɓa riƙe sunanta ba. Ta dai fiye shisshigi, har kofin da yake so ta sani.

"Injiniya, shayinka zai huce. Ga burodi na shafa maka cuku."

"Malama, 'yata na can tana neman faɗawa titi, ke kuma ta cuku kike? Wa ya taɓa mini na'ura?"

"Ni ban taɓa ba," in ji ta, ta tsaya jikin ƙofar ɗakin.

Bai da lokacinta. Ya san wata dabara. Ya rubuta ɗan ƙaramin aiki, a cikinsa ya sa local VRATA=1, wato takwaran sunan da zai rayu a cikin aikin kaɗai, ya sha gaban na waje, sannan ya kira makullin daga ciki. Garin sauri sai da ya goge ya sake. Ya danna. Allon ya maimaita masa amsar ɗazu. Sunan da aka ɗaure a waje ba ya yarda a yi masa takwara a ciki.

"Tsinanne," ya ce a hankali. "Ko wane ne, ya san aikinsa. Har salon rubutuna ya sata."

Tsoro ya fara cin ƙarfinsa. Yana ganin jar hular Nevena tsakanin motoci, yana ganin yadda take duba gefe guda kawai kafin ta tsallaka, duk faɗan da yake mata. Ya buɗe sabuwar tagar umarni a cikin tsohuwar, domin ɗaurin ba ya bin suna zuwa can. Ya rubuta VRATA=1. Ta karɓa.

Ya miƙe da sauri har kujera ta faɗi, ya isa ƙofa, ya ja. Tana nan yadda take. Makullin tsohuwar tagar yake saurara, kuma duk abin da aka sauya a sabuwar, a nan yake mutuwa. Ya san haka. Shi ya koya wa ɗalibai haka. Ya buga ƙofar da tafin hannu har ya gaji, sannan ya sulale ya zauna kan dandamalin ajiye takalma, yana kuka kamar yaro.

Matar ta zo ta durƙusa gabansa.

"Don Allah, baiwar Allah," ya ce, "ke ma kin haifa, ko? In kin san wanda ya kulle ta, kira shi. Ko nawa yake so. Yarinya ce ƙarama, ba ta san titi ba."

Ta kama hannuwansa biyu, ta share masa fuska da gefen rigarta.

"Kai ka kulle ta, ranar da likita ya gaya maka ciwon mantuwa ne. Ka ce wata rana za ka nemi fita, kuma duk dabarar da ka sani za ka gwada, shi ya sa ka toshe su duka, ka sa na rantse ba zan buɗe maka ba. Babu wadda ke jira a makaranta, Baba. Ni ce Nevena, na daɗe da isowa gida."