Ƙofar Ladidi Ta Ci Jarrabawa

Tun da aka sa wa gidajen unguwarmu ƙofofi masu duba fuska, ba mai shiga sai sun gane shi. Ladidi ta dawo daga sayen gishiri, ƙofarta ta ce, "Ban san ki ba."

"Ni nake goge ki kullum, 'yar banza!"

Sallau, ma'aikacin kamfanin ƙofofin, yana tsaye a gefe da na'ura. "Madalla! Gwaji ne, Hajiya. Mu muka cire sunanki, mu ga ko za ta hana baƙo."

"Baƙo a gidan ubana? Na bar mai a wuta, tsohuwata makauniya tana ciki!"

Hayaƙi ya fara fitowa ta taga. Ladidi ta hau dukan ƙofar tana ihu.

Sallau ya gyara tsayuwa. "Yauwa, ƙara murya. Saura mu ga ko kuka zai buɗe ta."