Almakashin Mama

Tun daga bakin ƙofa Mama ta jiyo ƙarar. Kunnen da ya tsufa a ɗinki ba ya kasa gane kukan almakashi idan an sa shi cin abin da ba cimarsa ba.

Sabon mai yankan da aka ɗauka ne tsaye a gaban teburinta, yana datsa kwali da almakashinta. Kwali fa! Almakashin da ko zare ba ta yarda a tsinka da shi, wanda kullum in an tashi sai ta goge ta naɗe a ƙyalle.

"Oga ne ya ce in ɗauka," in ji shi, ko ɗago kai bai yi ba. "Wai ai duk kayan shago ne."

Hannu kawai ta miƙa, ya ɗora mata.

Mama kowa yake ce mata a shagon, daga masu guga har shi Oga. Ita ta yanka rigar farko da aka rataya a nan, zamanin da keken ɗinki ɗaya ne tal kuma rufin yana yoyo. Yanzu kekuna sun cika ɗaki, an sa gilashi a gaba, an rubuta sunan Oga da manyan baƙaƙe. Komai ya yi gaba ban da albashinta, wanda ya tsaya cak kamar agogon da batirinsa ya mutu.

Ba wai ba ta yi magana ba. Ta yi har bakinta ya gaji. Duk sanda ta ta da zancen sai ya rusuna, ya sassauta murya, ya ce, "Haba Mama, ke ai ta gida ce. In kina buƙatar wani abu ki faɗa kawai." Wato ta yi aikin ƙarfi, sannan ta karɓi haƙƙinta a matsayin roƙo. Da idonta ya fara hazo likita ya ce a sauya tabarau, ta faɗa ɗin, aka ce sai ƙarshen wata. Wata ya ƙare, sai ga baƙo an ɗauko da albashi ninkin nata, har da sabuwar fanka a saitin kansa. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Ta san Oga tun bai san kansa ba. Ba mugu ba ne, hannun jarirai ne da shi, kuma ya fi danƙe shi a kan wanda ya tabbata ba zai tafi ba.

Abin da bai sani ba shi ne, matar da ke da kamfanin ɗinka kayan makaranta a ƙarshen layi ta daɗe tana yi wa Mama zarya. Albashi mai kauri, hutun ƙarshen mako, har da kuɗin asibiti. Mama ce take ta kaucewa, tana cewa a ba ta lokaci. Kunya ce ta riƙe mata ƙafa, da tunanin abin da mutane za su ce.

Ta jawo wani guntun yadi, ta sa almakashin. Maimakon ya ratsa sumul yadda ya saba, sai ya tauna, bakin yadin ya yi gashi. Ta tsaya tana kallonsa ta cikin tsohon tabaranta. Kunyar nan da ta yi shekaru tana dako, nan take ta sauke ta.

Ta naɗe almakashin a ƙyallensa, ta cire tef ɗin awo daga wuyanta, ta kwashe allinta, ta zuba a jaka. Kekuna suka riƙa yin shiru ɗaya bayan ɗaya. Mai guga ya manta da abin da ke hannunsa har sai da ƙauri ya tashi.

Ba ta ƙwanƙwasa ƙofar ofis ba, dama ba ta taɓa yi ba. Oga yana waya, yana ganinta ya katse ya miƙe tsaye.

"Na bar aiki," ta ce. "Gobe zan fara a ƙarshen layi."

Ya yi dariya, ya ga ba a taya shi ba, dariyar ta maƙale. "Wurin matar nan? Wadda ke ƙwace mana kwastomomi? Mama, me mutane za su ce?"

"Su ce abin da suka gani."

"To zan ƙara. Wallahi daga wannan watan zan ƙara. A wasa almakashin, ko a sayo sabo."

"Almakashin nan ya girmi shagonka, ya girme ka. Kuma ka makara. Yadi in an yanka ba ya komawa."

Ta juya. Ta ratsa tsakiyar shagon kanta a sama, takalminta yana ƙas-ƙas a kan siminti. Sabon mai yanka ya matsa gefe ya ba ta hanya, har da sunkuyar da kai.

Oga ya biyo ta da sassarfa har bakin titi, ya manta da ma'aikatansa da suka yi cirko-cirko a bayan gilashi. Muryarsa ta koma ƙarama.

"Mama, ni za ki yi wa haka? Ni?"

Ta tsaya, ta dube shi sama da ƙasa. Wuyan rigarsa ya karkace, sai ta sa hannu ta gyara masa kamar yadda ta saba.

"Kai ɗin fa," ta ce. "Na ɗauki cikinka kyauta, na shayar da kai kyauta, na goya ka kyauta. Yanka kuwa, ɗan nan, sai da kuɗi."