Mai Sarewar da Ya Ɓoye Kunnensa

Tunda ka ce jibi za ka je ganin likita, zauna in ba ka labarin wani mai busa sarewa. Shi ake ɗauka wajen gayya, in ya busa sai ka ga rago ma ya kama fartanya. Wata safiya ya tashi ya kurkure baki, ruwa ya zubo ta gefe guda. Ɓarin fuskarsa ya saki, ido ya ƙi rufuwa, leɓe ya ƙi kama sarewa. Mutanen gari suka ce iska ce ta mare shi a gindin tsamiya. Aka yi hayaƙi, wanzami ya kafa masa ƙaho a kumatu, duk a banza. Da ya je asibiti, likita ya ce ya ɗaga gira, ya hura kumatu, sannan ya tambaye shi, "Malam, kunnen nan yana maka ciwo ko yana zubar da ruwa?" Ya ja hularsa ƙasa ya ce lafiya lau. Alhali shekara uku kunnen yana ruwa, yana toshe shi da auduga, ko ji ba ya yi da shi sosai. Tsoronsa kada a ce mabushi ya kurumce, a daina gayyatarsa. Sai aka ɗauka irin shanyewar nan ce da kan warke da kanta, aka ba shi ƙwayoyi, aka ce ya dawo bayan mako biyu. Bai koma ba.

Sai da damina ta wuce, jiri ya fara kayar da shi, sannan ya koma ya cire hular da hannunsa. Likita ya leƙa kunnen, ya ce jijiyar da ke motsa fuska ta cikin kunne take bi, kuma ciwon ya riga ya cinye ta. Aka yi masa aiki, ransa ya tsira, baki kuwa bai dawo ba. Na gan shi bara a bakin gona, ana gayya da wani mabushin daban. Yana zaune a inuwa da guntun kara a hannu, yatsunsa suna bin waƙar daidai, ko ɗaya bai kuskure ba. Wallahi na ji tausayinsa har na kasa gaishe shi. Shi ne ya kira ni, ya ce ba abin da yake kewa kamar ya busa sau ɗaya tak, ya ji manoma sun amsa. To, in ka shiga gaban likita, kada ka rage komai, don Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.