A Bar Tagogi a Buɗe

"Madam, kada a rufe tagogi yau," in ji mai wankin kafet, yana naɗe wayar injinsa. "Ƙofar baya ma a bar ta a buɗe. In bai sha iska ba, wari zai yi."

Ta amsa da to. Tun safe take bin umarninsa. Ya ce maganin wankin yana kashe kare, ta kai nasu gidan ƙanwarta. Ya ce kada a taka falon sai gobe, ta tattara yara a ɗakin baya. Da ya nemi Oga ya kama masa kujeru, ita da bakinta ta ce mijinta soja ne, yana bakin aiki a Ribah, sai Lahadi.

Rana ta faɗi, unguwa ta yi tsit. Ta tuna wayarta na kan talabijin. Ta tattare zane, ta sa ƙafa a hankali, tana jiran sanyin ruwa.

Kafet a bushe ƙayau. Injin da ya wuni yana ruri bai zuba ko ɗigo ba.

A bayan katanga, ta ji ana kashe babura ɗaya bayan ɗaya.