Rundunar Kwamanda

Kwamanda yana hawa matakala bibbiyu, waya a hannu, yana ɗaukar bidiyo kai tsaye. Likitan haƙori ne har da furfurarsa, amma yau dariya yake kamar yaron da aka saya wa keke.

"Ku wanke idanunku," ya ce wa abokansa masu tara sojojin roba. "Gobe a gasa sai dai ku tafa mini."

Tun yana firamare yake son 'yan sojojin nan. Wata da watanni ya yi yana bin su da fenti da siririn buroshi: laka a takalma, tsatsa a bindiga da jikin tankar yaƙinsu, ƙura a fuska. Har kakinsu ya yayyaga da allura, don su fito kamar yanzu suka dawo daga fagen fama.

Ya tura ƙofar ɗakin da ƙafa. "Jama'a, ga runduna!"

Suna nan a jere kan kanta, fes, sai ƙyalli da ƙamshin sabulu. Kowane kaki an ɗinke shi tsaf.

Inna, mahaifiyarsa da ta zo jiya, tana gefe tana goge hannu, baki har kunne.

"Ɗan nan, har yanzu ba ka bar ƙazanta ba? Sai da na sa soson ƙarfe dattin nan ya fita."

Kwamanda ya buɗe baki zai yi magana. Wayar kuwa tana ta ɗauka.

"Kada ka yi godiya tukuna," ta ce. "Tankar yaƙin ce ta yi taurin kai. Tana bokiti, na jiƙa ta tun safe."