Maginiyar da Ta Bar Ɗanyun Tukwane

Malam Irmiya, da ka zo mini gaisuwa ka ce tun da gidanmu na gaskiya yana sama, ba ka ga amfanin wahalar da kai a nan ba. Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma zauna ka ji misali guda.

Wata mace ce, maginiyar tukwane, take zaman baƙunci da mijinta a wani ƙauye na gindin dutse, nesa da garinsu. Ana nan sai mijin ya koma gida don ya gina musu ɗaki. Ya ce mata ranar da ya sa wa ɗakin ƙofa zai zo da kansa ya ɗauke ta, amma bai yanka rana ba. Don murna ta wanke tufafinta, ta ƙulle kayanta, ta ajiye ƙullin a bakin ƙofa, ta zauna a kai tana kallon hanya. Yumɓu kuwa ta daina taɓa shi. A ganinta, randa sai ta yi kwanaki tana shan iska kafin ta ga wuta. In mijin ya zo ya tarar da tukwane ɗanyu, ai ta yi aikin banza, ga hannu kaca-kaca da laka a ranar tafiya. Haka ta zauna wata ɗaya, wata biyu. Alhali duk ƙauyen ita kaɗai ta iya ginin randa. Da bazara ta tsananta, randar wata tsohuwa maƙwabciyarta ta tsage. Ta ga tsohuwar tana ajiye ruwa a bokitin ƙarfe, tana shan sa da zafi kamar yanzu aka sauke daga murhu. Tsohuwar ba ta roƙe ta kome ba, cewa kawai ta yi, “Ke mai tafiya ce, 'yata, wa zai ɗora miki aiki?” Maganar nan ta tsaya mata a rai kamar ƙaya. Kashegari ta ɗauki fartanya da kwando ta nufi ramin yumɓu.

Ƙullin kayan ba ta kwance shi ba. Yana nan bakin ƙofa, kowace safiya takan kakkaɓe shi kafin ta zauna gini. Ta gina wa tsohuwa randa, ta gina wa wata tulu. Matan ƙauye suka zo kallo, ta ce kallo ba ya koya wa hannu kome, ta zaunar da su ta cusa hannuwansu cikin yumɓu. Ta nuna musu yadda ake haɗa shi da dakakken tsingaro don kada ya fashe, da yadda ake jera tukwane a matoya, wurin gasa su, manya a ƙasa ƙanana a bisa, a lulluɓe da kara da busasshen kashin shanu. Tana gini tana waƙa, in ta ji ƙugin mota sai ta ɗaga kai, in ba shi ba ne ta mai da ido kan aikinta. Ranar da ya zo kuwa, tukwane talatin ne shanye a tsakar gida, sun bushe, wuta kawai suke jira, ga hadarin farko ya fara haɗuwa can ƙasa-ƙasa a gabas. Ta ɗaga kai ta gan shi tsaye a ƙofa. Kunya ta kama ta, ta ɓoye hannuwanta a baya. Ya jawo su, ya duba lakar da ke ƙarƙashin faratanta, ya ce, “Haka na so in same ki.” Ba ta tsaya neman kome ba, ƙullinta kawai ta sunkuya ta ɗauka. Abu ɗaya ne ya yi mata nauyi a zuciya: in ruwan nan ya sauka, tukwane talatin za su narke su koma laka, guminta ya bi ruwa. Sai da mota ta hau kan tudu ta waiwaya. Can ta hango hayaƙi baƙi ƙirin yana tashi daga matoya, tun hadari bai ƙaraso ba. Matan nan sun kwashe tukwanen, sun jera yadda ta koya musu, sun cinna wuta. Ta share ido, ta juya ta fuskanci gida.

Haka Maman Dogara, wadda ka zo mini gaisuwar rasuwarta, ta yi zamanta a gidan nan shekara talatin da huɗu. Kullum cewa take Yesu ya shirya mata wuri, amma ban taɓa ganin ta zaune tana jira da hannu sake ba. Kowace Alhamis takan dama kunu ta kai wa marasa lafiya. Ran Laraba Ubangiji ya ɗauke ta, ta bar gero a jiƙe. Da gari ya waye, muna cikin makoki, na ji ƙarar turmi a bayan ɗaki. Na leƙa, sai ga matan zumuntar coci su uku suna daka geron nan, suna kuka suna daka. A ranar ma marasa lafiya sun sha kununsu. Na yi hawaye, amma na godiya ne.

To, ɗan'uwa, ƙulle kayanka, wannan daidai ne, amma kada ka zauna a kai. Abin da ka bari ɗanye, Allah yana da masu cinna masa wuta. Hausawa sun riga sun faɗa: alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.